Siffar Magani da Hanyarsa Zuwa Jini: Misalin Magungunan Zazzaɓin Cizon Sauro

Ƙwayar maganin da ake ɓallowa daga kati haɗi ce ta abubuwa da yawa. Akwai sinadarin da ke yaƙar cuta, wanda a wasu magungunan bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar ba. Sauran mahaɗai ne: sitaci da ke kumbura ya tarwatsa ƙwayar idan ta jiƙa, da abin da ke ɗaure gari ya zama dunƙule, da abin da ke hana shi liƙewa a jikin injin, wani lokaci kuma da rufi mai ɓoye ɗaci. Zaɓen waɗannan mahaɗai, da yanke shawarar ko magani zai zama ƙwaya ko kafso ko ruwa ko allura, shi ne aikin masana harhaɗa magunguna. Tambayoyinsu uku ne kullum: nawa ne daga abin da aka sha ya isa jini, cikin wane lokaci, kuma har yaushe zai zauna a can? Sinadarin da bai narke a hanji ba, komai ƙarfinsa a ɗakin gwaje-gwaje, yadda ya shiga haka zai fita.

Magungunan zazzaɓin cizon sauro sun isa misali, domin sinadari ɗaya ne aka yi ta sauya wa siffa gwargwadon halin marar lafiya. A 1971 tawagar Tu Youyou a ƙasar Sin ta yi nasarar tatso abin da ke kashe ƙwayoyin cutar daga ganyen wani tsiro dangin tazargade, bayan ta gane cewa tafasawa ce ke lalata shi. A 1972 aka ware sinadarin shi kaɗai, wanda ake kira atimisinin, kuma aikin ya jawo mata lambar yabo ta Nobel a 2015. Atimisinin yana rage ƙwayoyin cutar a jini da saurin da kwinin bai kai ba, amma yana da aibu biyu. Ba ya narkewa sosai a ruwa ko a mai, kuma jiki na kawar da shi cikin 'yan sa'o'i. Don magance na farko aka ɗan sauya ƙirarsa, aka samu atesunet mai narkewa a ruwa da atemeta mai narkewa a mai.

Aibu na biyu kuwa da abokin tafiya aka magance shi. A ƙwayar da aka fi sani da sunan Coartem akwai miligiram 20 na atemeta da miligiram 120 na lumefantirin. Atemeta ya yi wa ƙwayoyin cutar kaca-kaca ya wuce, lumefantirin kuma ya zauna kwanaki a jini yana share ragowar. Ana sha sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko. Sai dai lumefantirin yana da nasa hali: hanji ba ya tsotse shi da kyau sai da maiƙo. Bincike ya nuna cewa idan an sha shi da abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini yana ninkuwa sau da yawa, kuma kimanin giram 1.2 na maiƙo ya wadatar. Ɗan nonon uwa, ko madara, ko kunun gyaɗa ya biya wannan buƙata. Matsalar ita ce mai zazzaɓi ba ya son abinci. Saboda haka mai kemis da ya miƙa katin magani bai ce a sha da ɗan abu mai maiƙo ba, aikinsa bai cika ba.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne wannan cuta ta fi kashewa, kuma su ne aka daɗe ba a yi magani daidai da bakinsu ba. Shekaru da dama uwa ce ke raba ƙwayar manya, ta daka, ta dama a cokali, ta ɗura wa yaro. Wani kaso ya maƙale a cokali, wani ya tofar saboda ɗaci, wani ya dawo da amai, babu mai iya cewa nawa ya shiga. Maganin da ya shiga rabi-rabi kuwa haɗarinsa biyu ne: yaro bai warke ba, ƙwayoyin cutar kuma sun samu damar sabawa da maganin. Maganin ruwa na kwalba bai raba gardama ba, domin yana da nauyin dako, yana saurin lalacewa da zarar an dama shi, kuma cokalin kowane gida da girmansa. A 2009 kamfanin Novartis da cibiyar Medicines for Malaria Venture ta Janiba suka fitar da ƙwayar Coartem mai zaƙi wadda ke narkewa a ɗan ruwa kaɗan. Sinadarin bai canja ba, adadinsa bai canja ba, amma yanzu yaro na iya haɗiye shi duka.

Irin wannan gyara ya taimaki rigakafin damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 don yankin Sahel, wanda aka fara a Katsina da kudancin Nijar a 2013. Amodiyakwin da ke cikinsa ɗaci gare shi matuƙa, kuma da farko masu bi gida-gida sai sun daka shi sun haɗa da sukari. Zuwan ƙwaya mai narkewa ya rage musu wannan wahala. A Yulin 2025 kuma hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da wani haɗi na musamman na atemeta da lumefantirin don jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa ƙasa da 5, Najeriya na cikin ƙasashen Afirka takwas da suka shiga tantancewar. Hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, ba ta sarrafa magani kamar ta babban yaro, don haka sai da aka sake auna rabon sinadaran biyu. Ana iya narkar da shi a nonon uwa.

Idan zazzaɓi ya yi tsanani, yaro na jijjiga ko ya suma, hanyar baki ta toshe. A nan allura ce mafita, kuma a nan ma siffa ta raba tsakanin magunguna biyu 'yan uwan juna. Atemeta ana narkar da shi a mai, har da man gyaɗa, a yi allurarsa a tsoka, amma fitarsa daga tsoka zuwa jini ba ta da tabbas, musamman ga wanda jininsa ba ya zagayawa sosai. Atesunet yana shiga jijiya kai tsaye. Babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2010, wanda ya haɗa yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin, ya nuna cewa kashi 8.5 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa atesunet ne suka rasu, a kan kashi 10.9 na waɗanda aka ba kwinin. Amma atesunet ba ya jure zama cikin ruwa. Shi ya sa yake zuwa a gari cikin 'yar kwalba, sai a gefen gado ake narkar da shi, kuma abin da aka haɗa ba a ajiye shi don wani marar lafiya na gobe.

Ƙauyen da babu mai yin allura fa? Don shi aka yi kafson atesunet na miligiram 100 da ake matsawa ta dubura ga yara 'yan ƙasa da shekara shida. Gwajin da aka yi a Ghana da Tanzaniya da Bangaladash, aka buga a 2009, ya nuna cewa ga waɗanda suka wuce awa shida ba su isa asibiti ba, matsin ya rage mutuwa da naƙasa da kusan rabi. Daga baya wani bincike a Kwango da Yuganda da jihar Adamawa ya gano cewa amfanin yana gushewa idan iyaye suka ga yaro ya farfaɗo suka fasa kai shi asibiti. Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa. Matsin jinkiri kawai yake saya, kafin a kai ga allura da cikakken maganin kwana uku, kuma babu gwanintar harhaɗawa da za ta maye gurbin hanya mai kyau da abin hawa.

Zafi shi ne abokin gabar da ba a gani. Kafin a yi wa magani rajista ana ajiye shi watanni ana auna ƙarfinsa. Ga ƙasashe masu zafi da laima irin Najeriya, ƙa'idar ita ce digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari, sannan gwajin gaggawa na wata shida a digiri 40. Ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwali daga wannan gwaji take fitowa, kuma sharaɗinta a ajiye maganin yadda aka ce. Shago mai rufin kwano a Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, ko faranti a kan mai talla a tasha, sun wuce abin da aka gwada. Dangin atimisinin ba sa son zafi da laima, kafson matsi kuwa ya fi kowa rauni.

Mahaɗai ma ba abin wasa ba ne. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, sai an sa wani ruwa na musamman. Idan aka musanya wannan ruwa da dayetilin gilaikol, wanda ya fi araha kuma yana da ɗan zaƙi, ƙodar yaro ce ke tsayawa. Wannan guba ta kashe mutane fiye da 100 a Amurka a 1937, abin da ya haifar da dokar magunguna ta 1938. Ta kashe yara a Najeriya a 1990, ta sake kashe 84 ta hanyar maganin haƙori tsakanin 2008 da 2009, sannan kimanin 70 a Gambiya a 2022. A duk waɗannan, abin da aka narkar da maganin a ciki ne ya yi kisa.

Yawancin mahaɗan da masana'antun Najeriya ke amfani da su daga waje ake shigo da su, alhali ƙaro, wanda aka daɗe ana ɗaure ƙwaya da shi a duniya, a Yobe da Barno da Jigawa da Chadi da Sudan yake fita. Tsangayoyin harhaɗa magunguna, ciki har da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun yi bincike mai yawa kan sitacin rogo da dawa da gero da acca a matsayin mahaɗai. Inda aikin ke tsayawa shi ne tsallakawa daga ɗakin gwaji zuwa masana'anta. Mai buga ƙwaya miliyan yana buƙatar buhun bana ya yi daidai da na bara a girman ƙwayar gari da laima da tsabta, kuma hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ba za ta amince da sauya mahaɗi ba sai an sake gwajin narkewa da na jure ajiya daga farko.