Talabijin ɗin OLED Ba Allon Ofis Ba Ne a Zamfara



Ba sai na tsaya bayanin OLED ba. Kowa a zauren nan ya san kowane ɗigo na allon shi ke kunna haskensa da kansa, shi ya sa baƙinsa yake fitowa baƙi ƙirin. Abin da ya kawo ni shi ne yayin da ya shigo tun da LG ya fitar da mai inci 48 a 2020, ya biyo da mai inci 42 a 2022: a ɗora talabijin a kan tebur a ce allon kwamfuta ne. Yanzu har wasu masu sayo wa ofisoshi kaya sun soma sha'awarsa. Na daɗe ina musu da su, kuma ban sauya ba.

Sinadarin da ke ba da hasken yana tsufa ne gwargwadon aikin da ya yi. Fim motsi yake, sai tsufan ya rarrabu ko'ina. To ku dubi allon akawu: layin ƙasan Windows da layukan Excel suna wuri guda tun ƙarfe takwas na safe har la'asar. Ɗigon wurin sai su riga sauran gajiya, inuwar ta zauna daram, ko ƙwallo ka kunna kana hango ta. Tabon in ya kama, sai dai a canza allon ɗungurungum.

Za a ce mini kamfani ya yi maganin wannan. Haka ne, kuma nan nake so mu daɗe. Bayan kimanin awa 4 na aiki, in ka kashe da rimot, akwatin yakan ɗauki 'yan mintuna yana auna ɗigonsa yana daidaita su. Sharaɗin ɗaya ne: wuta ta kasance a jikinsa bayan an kashe. Injiniyan da ya tsara haka a Koriya ta Kudu ya ɗauka soket ba ya mutuwa. Mu a Gusau sau nawa mai talabijin ke kashe abinsa da hannunsa? Ana tsakiyar aiki ake ɗauke wuta. Ofishin da ke kan janareta kuwa, da an tashi masinja zai murɗe makulli, komai ya mutu lokaci guda. Mai shagon buga takardu a Tsafe ko Bunguɗu ba zai ja ƙofa ba sai ya bi bango ya zare kowace waya, don gudun wutar da za ta dawo da ƙarfi cikin dare ta ƙona masa jari, kuma yana da gaskiya. Ke nan gyaran da ake taƙama da shi kullum ɗage shi ake yi. Ku ƙara da zafin Afrilu, da kan kai digiri 40, alhali zafi yana gaggauta tsufan sinadarin.

Rubutu ma ba ya fita yadda ake zato. Mai inci 55 ɗigo 80 ne a kowane inci, monita mai inci 27 na matsakaicin kuɗi kuwa 109. Ka buɗe farin shafin Word ya cika allon, sai ya rage haske da kansa. Wutar da yake sha kuma ta ninka ta monita mai inci 24 fiye da sau biyu, mai batirin sola ya san me wannan ke nufi bayan magariba.

Masu tace fim da hoton biki suna cewa launinsa ba na biyu. Ban musa ba, amma su nawa ne a ma'aikatunmu? Wanda ya nace, ya tsaya a inci 42, ya ɓoye layin ƙasa, ya rage haske, ya bar shi a kan inbata dare da rana. Kuɗinsa ne.

Kuɗin jama'a kuwa ina roƙon kwamitocin sayayya: ku sayi monita na IPS mai inci 24 ko 27, rarar ku zuba ta a fanel da batir, don ma'aikaci ya samu wutar ƙarasa aikinsa.