Daga Haɗa Rediyo Zuwa Ƙera Ƙwayar Silikon: Darasin Taiwan



An nemi in yi magana a kan amfanin bincike ga masana'antun kayan lantarki. To, maimakon in cika ku da surutu, zan ɗauki labarin wuri ɗaya tak, watau tsibirin Taiwan, mu ga yadda mutanensa suka yi.

A shekarun 1960 aikin Taiwan a wannan fage haɗe-haɗe ne kawai. Kamfanonin Amurka da Japan sukan kawo sassan rediyo da talabijin, 'yan mata su zauna layi-layi suna liƙa su da dalma, sa'an nan a mayar da kayan jirgi. A 1966 har fili aka keɓe a birnin Kaohsiung domin irin wannan aiki. An sami aikin yi, ba shakka, amma ladan ƙwadago kaɗai ke kwana a gida. Zane na baƙo ne, sirrin sana'a nasa ne, riba ma tasa ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhali kuwa kuɗin yana cikin ƙwayar silikon, wani ɗan falle da bai wuce farce ba, wanda ake zana dubban transista a kansa, shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. A 1973 Ministan Tattalin Arziki, Sun Yun-suan, ya sa aka kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu, wadda aka fi sani da ITRI, a garin Hsinchu. A 1976 cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA na Amurka, ta tura matasan injiniyoyi su koyo sana'ar, rukunin farko mutum 19. An rarraba su, wasu zane, wasu ƙira, wasu gwaji, wasu lissafin kuɗi, domin kada wani sashe na aikin ya zauna musu a duhu.

Da suka komo, sai cibiyar ta buɗe 'yar masana'antar gwaji a 1977, ta fara da abu mai sauƙi, ƙwayoyin agogon hannu. A wannan sana'a, gwaninta ita ce yawan ƙwayoyin da ke fita lafiya cikin kowane ɗari, domin ƙura kaɗan takan lalata su. Nan binciken ya yi aikinsa: a gwada, a auna, a gano inda ɓarna take, a gyara, a sake gwadawa. Cikin 'yan watanni almajiri ya zarce malaminsa a wannan ma'auni.

Jama'a, ga inda nake so mu tsaya mu lura. Cibiyar ba ta rungume abin da ta koya ba. A 1980 ta ware injiniyoyi da fasahar, aka kafa kamfanin UMC da su. A shekarar kuma aka buɗe dandalin masana'antun kimiyya na Hsinchu, kusa da jami'o'in Tsing Hua da Chiao Tung, yadda ɗalibi zai fita aji ya shiga ma'aikata. A 1985 Morris Chang, wanda ya daɗe a kamfanin Texas Instruments, ya zo ya shugabanci cibiyar, a 1987 kuma aka kafa TSMC da jarin gwamnati da na kamfanin Philips. Dabararsa ita ce kada kamfanin ya sayar da ƙwaya da sunansa, sai dai ya ƙera wa masu zane. Wannan ya ba ƙananan kamfanonin zane damar tsayawa ba tare da gina masana'anta ba. Ɗaya daga cikin irinsu, MediaTek, ya fito daga UMC a 1997, kuma ƙwayoyinsa na cikin yawancin wayoyin Tecno da ke aljihunanmu.

Me za mu ɗauka? Na farko, an zaɓi sana'a ɗaya aka bi ta har gindi. Na biyu, an auna binciken da abin da masana'anta ta iya ƙerawa, ba da yawan takardun da aka jibge a kabad ba. Na uku, an jure: daga kafa cibiyar zuwa kafa TSMC shekara 14 ce, gwamnati ba ta janye hannu ba.

'Yan'uwana ɗalibai, idan lokacin zaɓen aikin bincikenmu na shekarar ƙarshe ya yi, mu tambayi kanmu wane maƙeri ne zai amfana da shi. Ku kuma ma'aikata, wata rana fayil irin na 1976 zai iso teburinku, ana neman kuɗin tura yara koyon abin da ba za a ci moriyarsa ba sai bayan kun bar ofis. Ku tuna da waɗannan mutum 19 kafin ku sa alƙalami.

 Allah ya sa mu dace.