Jirgin da Waƙa ta Cece Shi, da Namu da Ba Mu Waƙe Ba



Da aka ji cewa a kan waƙoƙin jiragen ruwa na yaƙi za mu yi magana, wasu abokanmu sun yi dariya, kuma ba mu ga laifinsu ba. Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi, ruwa mafi girma da yawancinmu muka buɗe ido da shi shi ne madatsar Mairuwa, jirgin da muka sani kuwa shi ne na ƙasa, wanda a da yakan biyo ta nan daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. To, ina ruwan ɗan manomin auduga da teku? Muna roƙo a yi mana haƙuri, mu fara zuwa nesa, sa'an nan mu dawo gida.

A shekarar 1797 Amurkawa suka saka wani jirgin yaƙi na katako a ruwa a birnin Boston, suka sa masa suna Constitution, watau tsarin mulki. A yaƙinsu da Ingila na 1812, ranar 19 ga Agusta, ya yi arangama da jirgin Ingilishi mai suna Guerriere, ya kakkarya masa tirakan filafilai har ya miƙa wuya. An ce harsasan igwa sun riƙa dukan jikinsa suna faɗawa ruwa saboda kaurin itacen da aka yi shi da shi, daga nan ya sami kirarin tsoho mai haƙarƙarin ƙarfe. A wancan zamani Ingila ce sarauniyar teku, saboda haka wannan nasara ta ɗaga kan ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yanci ba.

Amma jirgi ma yana tsufa. A watan Satumba na 1830 wata jarida ta Boston ta buga labarin cewa hukuma za ta farfasa shi. Wani saurayi ɗan shekara 21, ɗalibi kamar mu, mai suna Oliver Wendell Holmes, ya karanta, ransa ya ɓaci, ya zauna ya tsara waƙa mai baiti uku kacal. Bai yi roƙo ba, gatse ya yi wa hukumar, yana nuna cewa gara a saki jirgin cikin hadari ya nutse da darajarsa da a bar shi a hannun masu sayen tarkace. Jaridu suka yi ta kwafar waƙar daga gari zuwa gari, jama'a suka yi ca, aka gyara jirgin. Masu binciken tarihi sun nuna daga baya cewa jaridar ta yi azarɓaɓi, domin abin da hukuma ta nema a lokacin shi ne a ƙiyasta kuɗin gyara. Ko da haka ne, waƙar ta sa ya zama abin da babu mai mulkin da zai iya taɓawa, har a shekarun 1920 yaran makaranta suka riƙa tara 'yan kwabbansu don a sake gyara shi. Yau ya haura shekara 220, yana nan a Boston kan ruwa, ana zuwa kallonsa.

Yanzu mu dawo gida. Ba za a ce Bahaushe ba ya waƙar yaƙi ba, domin tun zamanin doki da sulke makaɗan fada suke zuga mazaje, kuma da yaƙi ya sake kama, waƙa ta bi shi. Da sojojinmu suka dawo daga Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Sa'adu Zungur ya tarye su da Maraba da Soja. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Alhaji Aƙilu Aliyu ya rubuta wa soja waƙa, makaɗa kuma suka cika gidajen rediyon Kaduna da zuga dakaru, cikinsu har da namu na nan Funtuwa, Alhaji Mamman Shata. Sai dai mu lura da abu guda. Waɗancan sojoji na runduna ta 81 da ta 82 da aka kai Bama a 1943 da 1944, waɗanda da yawansu 'ya'yan manoman ƙasar Hausa ne, makonni suka yi cikin jirgin ruwa kafin su sauka Indiya. A da, audugar da ake gurzawa a garin nan, jirgin ƙasa kan kai ta Ikko ne don a loda wa jirgin ruwa. Teku ta daɗe cikin rayuwarmu, cikin waƙarmu ne ba ta sami wurin zama ba.

Ga misali mafi girma. A 1965 Nijeriya ta karɓi jirgin yaƙi da aka ƙera mata a ƙasar Holan, aka ba shi sunan ƙasar kanta, NNS Nigeria, ya zama uban jiragen rundunar ruwa. Da Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, gwamnatin Gowon ta sa aka datse bakin teku, wannan jirgi ne kuwa ƙashin bayan datsewar. A ƙarshen Yuli na shekarar, shi da ƙananan jirage irin su Ogoja da Lokoja suka kai sojojin Benjamin Adekunle suka kama Bonny, tashar da ake lodin man fetur, a watan Oktoba kuma aka kama Kalaba ta ruwa. Wanda ya duba taswira zai ga ma'anar wannan: tun kafin Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968, an riga an rufe wa Biyafara ƙofarta ta duniya, ba abin da ya rage mata sai jiragen sama masu sauka da dare. Mu da muka taso muna jin labarin Nsukka da Enugu da Onica a bakin kakanninmu, mu tambayi kanmu, wane baiti muka haddace a kan Bonny?

Wani zai ce nisa ne, mawaƙi ba ya waƙar abin da bai gani ba. Wannan hujja Shata da kansa ya rushe ta. A Yulin 1969, ana tsakiyar wannan yaƙi, Amurkawa suka sauka a kan wata, shi kuwa ya sa aka ɗauki kalangu ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. In kumbo ya shiga bakin mawaƙin Funtuwa, jirgin da ke Apapa bai fi ƙarfinsa ba. A ganinmu dalilin ya fi kusa da yadda waƙar baka take rayuwa. Makaɗi yana bin mutum ne, mai suna da uba da gari da kyauta, kuma sojan ƙasa ɗan unguwa ne, kowa ya san gidansu, alhali mayaƙan ruwa na wancan lokaci galibinsu mutanen bakin teku ne. Turawa kuwa sun saba ɗaukar jirgi kamar mai rai, su yi masa suna, su yi masa makoki. Mu doki muka yi wa haka.

Akwai kuma wani dalili mai nauyi, wanda bai kamata mu tsallake shi don muna cikin namu ba. Jirgin Boston da baƙi ya yi faɗa, jirgi da jirgi, igwa da igwa. Namu da 'yan ƙasa ya yi. Datse tekun da ya gaggauta ƙarshen yaƙi shi ne kuma ya hana busasshen kifi da magani isa ga talakawan Gabas, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane, wasu ƙiyasce-ƙiyasce ma sun haura miliyan, mafi yawansu yara ƙanana. A cikin zauren nan akwai ma'aikata da suka yi bautar ƙasa a Owerri ko Umuahiya, sun zauna da jikokin waɗanda suka ga wannan da idonsu. Duk wanda zai yi wa NNS Nigeria waƙa yau, in ya yi kirari zalla ya yi ƙarya, in ya yi zagi zalla ya ci amanar matuƙan da suka sa ransu don ƙasar ta zauna ɗaya. Lalle waƙa ce mai wuyar tsarawa, kuma muna zaton wuyar ce ta sa ake kauce mata. Jirgin kansa an sauya masa suna zuwa Obuma, sunan ma da zai tuna mana da shi ya tafi.

Wanda ya gaje shi kuwa sunan Hausa yake ɗauke da shi. NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm da Voss ya ƙera a Hambug ta Jamus, ya shiga aiki a 1982 zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsawonsa kimanin mita 125. A 2005, da Ingilishi suka tara jiragen duniya a Portsmouth don cikar shekara 200 da yaƙin Trafalgar, Aradu ya ƙetara teku ya je ya tsaya cikinsu da tutarmu, kusa da inda suke adana Victory, jirgin Nelson. Bayan wannan ya shafe shekaru masu yawa ɗaure a Ikko yana jiran gyara. Kalmar da iyayenmu kan rantse da ita in magana ta yi zafi, ita ce rubuce a jikinsa, amma a cikinmu nan mutum nawa ne suka taɓa jin labarinsa kafin yau? Shi ba ya ɗauke da nauyin yaƙin basasa, saboda haka uzurin da muka kawo wa na farko bai rufe shi ba.

Ba muna cewa waƙa za ta sayi fenti ko ta gyara inji ba. Abin da muka gani a labarin Holmes shi ne, abin da jama'a suka haddace yana da wuya a sayar da shi a ɓoye, abin da ba su san sunansa ba kuwa ko an kai shi kasuwar 'yan gwangwan babu mai tambaya. Mu nan mun ga haka da idonmu a tashar jirgin ƙasa ta garin nan.

Saboda haka muna da roƙo ga editocin wannan mujalla, su ware shafi biyu a fitowa ta gaba. Akwai masu nazarin Hausa a cikinmu da suka san arulli da ƙafiya fiye da mu, akwai kuma masu nazarin tarihi da za su ba su ranaku da sunaye daidai. Wanda ya ga zai iya, ya ɗauki Aradu. Wanda ya fi ƙarfin zuciya ya ɗauki Bonny, da sharaɗin kafin ya miƙa wa edita ya karanta ta a gaban wani abokin karatunsa ɗan Gabas, ya ji abin da zai ce.