Dalma a Cikin Gida: Tsokaci Kan Ƙasar Gwarzo da Kabo



Wataƙila wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da zancen dalma, alhali ga likitoci. Dalilin shi ne, ta wajen harshe matsalar ta fara. Bahaushe yakan kira ƙarfen nan mai nauyi da taushi dalma ko darma, ya kuma kira tukunyar da aka zuba da alminiyam tukunyar dalma. Da yake sunan ya zama na kayan girki, kunne ba ya jin haɗari a cikinsa. Amma dalma ta ainihi guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu wani ɗan adadi nata da za a ce ba ya cutarwa a jinin yaro.

Mun ga iyakar ɓarnarta a Zamfara a shekarar 1431 ta Hijira, watau 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ba a ramin haƙar zinariya suka sha gubar ba. Dutsen aka kawo gida, aka daka shi aka niƙa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Saurayin Getso ko Garo da ya tafi ci-rani irin waɗannan wurare, in ya dawo da tufafinsa da buhunansa ba wanki, ƙurar ta biyo shi har ɗakin matarsa.

Sai dai abin da ya fi damuna ya fi wannan kusa da mu, shi ne kwalli. Dutsen nan mai ƙyalli da ake saya a kasuwa, a niƙa a zuba a tandu, mafi yawansa dalma ce haɗe da farar wuta. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar kashi 82 cikin ɗari dalma ne. To, a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, tun kafin suna ungozoma ko kaka take rangaɗa wa jinjiri kwalli, wai don ido ya yi haske. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma ya gangara ta hanci zuwa maƙogwaro. Cikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, balle ma yaron da ke fama da ƙarancin jini ko yunwa. Ba ina jayayya da matsayin kwalli a addini ba ne. Tambayata ita ce, dutsen da ke cikin tandunmu, shi ne wanda malamai suka ambata, ko kuwa kama ce kawai?

Na biyu shi ne batir. Yanzu da wutar sola ta yawaita, tsofaffin batura sun cika gidaje da shaguna. Akan fasa su a zaure ko bayan gida, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka farantan don sayarwa, ko don harsashin maharba da nauyin tarun masunta. Ƙasar da aka yi wannan aiki a kanta takan riƙe gubar shekaru masu yawa, domin dalma ba ta ruɓewa.

Tukunyar dalma kuwa, alminiyam ɗinta ba shi ne abin tsoro ba. Tarkacen da maƙeri ya narka ne, sassan inji da lagireto da sauransu, waɗanda sukan zo da dalma a jikinsu, miya mai tsami kamar ta yakuwa kuma ta jawo ta cikin abinci. Akwai kuma fentin mai, musamman rawaya da ja, a ƙofofi da tagogin makarantu idan ya fara ɓarewa. Man fetur mai dalma an daina sayar da shi a duniya tun 2021, a nan ƙasar ma tun kafin haka, amma abin da ya zuba a bakin manyan hanyoyi yana nan a ƙasa.

Wahalar ganewa ita ce, ba kasafai gubar ke nuna kanta ba. In ta yi yawa yaro ya yi amai da jijjiga, a ce iska ce. In kaɗan ce, sai dai a ga yaro ya kasa riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, har a haɗa masa da bulala. Gwajin jini ne kaɗai ke rarrabewa. Dalma kuma takan kwanta a ƙashi, ta fito lokacin da mace ta sami ciki ta shiga jikin ɗan tayi.

Ku ma'aikatan lafiya da ke duba masu awon ciki a Gwarzo da Kabo, ina roƙon ku ƙara tambaya biyu a kan waɗanda kuka saba yi: wane kwalli za a sa wa jaririn, kuma wace sana'a ake yi a cikin gidan?