"Babu rezo" ba amsa ba ce: jawabin da na gabatar a zaman matasa a Safo



Bari in soma da abin da ya same ni kwanan baya a Maraɗi. An aiko mini kuɗin maganin tsohuwata, na je wurin karɓa, na yi layi tun hantsi. Da layi ya zo kaina, yaron da ke bayan gilashi ya ce: "Yi haƙuri, sarba ta faɗi." Na ce masa, wace sarba? A ina take? Wa zai tada ta? Ya yi dariya ya ce shi ma haka aka ce masa ya faɗa. Mutanen da ke bayana kowa ya ce Allah ya kyauta, muka watse. Ranar ba a sayi magani ba.

Ba laifin yaron nake gani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kalma ɗaya ta sallami mutum ashirin, don ba wanda ya san ma'anarta. Shi ya sa yau na zo mu yi karatun kalmomi.

Ta farko, sarba. Kwamfuta ce, ba aljani ba. Bambancinta da ta ofis shi ne ba a kashe ta dare da rana, kuma aikinta amsa buƙatun wasu na'urori. In ka tura saƙon murya a WhatsApp zuwa ga ɗan uwanka da ke Madarunfa, saƙon ba kai tsaye yake zuwa ba. Sai ya bi ta sarbobin kamfanin Meta, a wajen Nijar, kafin ya dawo gare shi. Ginin da ake jera irin waɗannan kwamfutoci, da na'urorin sanyaya su da injinan kuran, shi ake kira data senta. Wanda kuma ake ce wa kilawud, wato wai hotunanku suna cikin gajimare, ba wani gajimare. Kwamfutar wani ce, a ƙasar wani, ƙarƙashin dokar wani.

Ta biyu, memuwa. Nan ake yawan cutar mu wajen sayen salula, don abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai wurin ajiya, shi ne rumbu: abin da ka zuba yana nan ko an kashe wayar. Akwai kuma ram, ita ce tabarmar da ake baza hatsin da za a yi aiki da shi yanzu; da an kashe waya, an kakkaɓe ta. Mai aikin kansa shi ne furosesa. Waya mai rumbu giga 64 da ram giga 2 za ta riƙe hotuna da yawa, amma ta riƙa daskarewa in ka buɗe abubuwa uku a tare. Saboda haka in mai shago ya ce maka "giga 64 ce", tambaye shi: ram ɗin nawa? Haka abin yake ga sarba. Wani lokaci in an ce ta faɗi, jama'a ne suka yi mata yawa, tabarmar ta yi kaɗan. Wannan matsalar tanadi ce, kuma akwai wanda ya yanke shawarar sayen ƙarama.

Ta uku, mega. Giga ɗaya mega 1000 ce da ɗan kai. Amma megar da ake sayar muku a forfe daban take da megar da ake auna gudun intanet da ita. Ta forfe okte ake ƙirgawa, ta gudu kuwa bit, kuma bit 8 ke yin okte ɗaya. In an ce gudun layinka mega 8 ne, to mega ɗaya ta forfe ke iya wucewa a daƙiƙa. Wanda ya san wannan zai iya lissafa abin da jikarsa ta saya masa.

Ta huɗu, rezo, kalmar da muka fi kowace ɗora wa laifi. Rezo sarƙa ce. Daga wayarka zuwa dogon ƙarfen da kuke gani a bakin gari, iska ce ke ɗauka. Daga nan sai fiba, wani zaren gilashi da bai fi gashin kai kauri ba, ana binne shi gefen hanya, haske ke gudu cikinsa. A mahaɗa akwai ruta, na'urar da ke duba adireshin kowane ƙunshi ta ce bi nan ko bi can, kamar ɗan kamasho a tasha. Nijar ba ta da teku, don haka zarenmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta irin Benin da Najeriya kafin ya haɗu da manyan igiyoyin da ke kwance ƙarƙashin ruwa.

To ku duba abu uku da suka faru a gaban idonmu, duka muka kira su "babu rezo".

A ranar 24 ga Fabrairun 2021, bayan sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, intanet ɗin salula ya ɗauke a Nijar har kusan kwana 10. Ba abin da ya lalace. Rufewa aka yi.

A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke kuran da take sayar wa Nijar. Dogon ƙarfen rezo da sarba duk da wuta suke aiki. In babu ta, sai batir da inji da gazuwal.

A ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙasashe da dama suka shiga wahalar intanet, har da mu da ba mu taɓa ganin tekun ba.

Na farko hukunci ne na masu iko. Na biyu rikicin siyasa ne tsakanin ƙasashe. Na uku haɗari ne. Kowane da wanda ya kamata a tambaya, da irin tambayar da za a yi masa. In duka sunansu ɗaya a bakinmu, ba wanda zai amsa ko ɗaya.

Akwai abin da ake yi, gaskiya ne a faɗa. Aikin shimfiɗa fiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a ciki, ya ƙunshi sama da kilomita 1000 a ɓangaren Nijar, da kuma data senta ta ƙasa a Yamai. Muna da hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya, muna da HAPDP mai kare bayanan mutane. Amma gini ba ya tsare kansa. Lokacin da aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka don yi maka rajista, a wace sarba aka aje su? Wa ke riƙe da makullinta? Akwai kwafi a wani wuri in wuta ta ci ta? Waɗannan tambayoyin ɗan ƙasa ne, ba sai injiniya ba.

Ga abin da nake roƙo. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke karanta ilimin kwamfuta, ku zauna da masu gyaran waya na kasuwa da ma'aikatan rediyo, ku daidaita kalmomin nan da Hausa. Wadda ta riga ta zauna a baki, kamar rezo, a bar ta, a bayyana ta. Wadda ba ta zauna ba, a nemo mata suna daga gida. Ku kuma ƴan fada, cikin shayin dare ku ware minti 10, kalma ɗaya a mako. Kowa ya koya wa mahaifiyarsa bambancin rumbu da tabarma kafin ta sake sayen waya.

Sannan gobe in an ce maka sarba ta faɗi, kada ka yi faɗa da yaron. Tambaye shi cikin ladabi: wutarku ce ta ɗauke, ko layinku, ko can hedikwata ne? Yaushe za ta dawo? Ina zan kai ƙorafi? Ka rubuta rana da lokaci. In mu ɗari muka rubuta, muna da takardar da za mu ajiye gaban hukuma.

Wanda ke da tambaya, ko kalmar da ta taɓa sallamarsa daga layi, ya ɗaga hannu mu soma da ita.