Daga Tashar Kafanchan Zuwa Kan Dutsen Kagoro

(Jawabin da Sakataren Kwamitin Ilmi da Matasa ya gabatar a taron ƙungiya na rubu'in shekara)



 An ba mu minti ashirin, ga shi kuwa shugaba ya riga ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, saboda haka ba za mu yi doguwar shimfiɗa ba.

A taron da ya gabata kun ɗora wa kwamitinmu aiki guda, wato mu nemo inda za a kai yaranmu 'yan makaranta yawon buɗe ido na yini ɗaya. Da muka zauna, wani ya ce Abuja, wani ya ce gidan namun daji na Jos. Ana cikin haka sai ɗaya daga cikinmu ya tashi ya buɗe taga, ya nuna gabas, ya ce, "Wa ya taɓa hawa wancan?" Dutsen Kagoro yake nufi. Mu bakwai ne a ɗakin, biyar a nan garin aka yanke musu cibiya, amma babu wanda ya ɗaga hannu. Tun muna yara muke ganinsa, ta kansa rana take ɓullo mana kowace safiya, tsakaninmu da gindinsa wajen kilomita 10 ne kacal, ga mu da furfura ba mu san abin da ke kansa ba.

Kafin mu faɗi abin da muka gano, bari mu tuna wa matasa yadda aka yi muke nan. Garin nan dogo ne ya raya shi. Turawa sun faro layin gabas daga Fatakwal, ya iso Inugu a 1916 saboda kwal, ya ci gaba da nausawa arewa har ya haɗu da Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga nan ya hau Jos, saboda kuzar da ake haƙa a can. Daga ranar Kafanchan ta zama mararraba, jirgi yana shigowa ta fuska uku. A 1932 aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta baro tsohon gari ta dawo nan kusa da tasha. Wasu daga cikin kakanninmu da fadar suka taso, wasu kuwa jirgin ne ya sauke su daga Kano da Zariya da Katsina, da buhun gishiri ko ƙunshin goro ko keken ɗinki. Sun tarar da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju a ƙasarsu, sun zauna tare da Inyamurai da Yarabawa ma'aikatan reluwe.

Waɗanda suka yi makaranta a shekarun 1970 za su tuna jirgin Jos. Tun da duhun asuba ake sammako a yanki tikiti, masu talla suna bin taragai da rake da ayaba da dafaffen ƙwai, tashamasta ya fito da tutarsa, a busa usur, jirgi ya yi kuka ya ja. Kafin ka gama ɓare ayabarka ka iso Kagoro, dutse ya tokare sama ta taga har sai ka leƙa da kai kafin ka ga ƙarshensa. Daga nan sai Manchok, sannan a fara hawa. Kafanchan tana wajen mita 700 da 'yan kai bisa teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200, duk cikin tafiyar kilomita 100. A wasu kwanoni kan jirgi yakan yi ta nishi, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, har samari marasa jin magana su dira su yi 'yar tafiya a ƙasa su sake ɗarewa. Idan an kai Kuru, inda layin Maiduguri ya rabu tun da aka gama shi a 1964, kowa ya fara lalube jakarsa yana neman rigar sanyi. To, sau nawa muka wuce ta gindin dutsen nan a wancan zamani? Ba su ƙirguwa. Ta taga kawai muka san shi.

Wani ɗanmu da ya yi karatu a Turai ya ba kwamiti labarin ƙasar Siwizalan, inda duwatsun Alps suke. Akwai wani ƙauye can da ake kira Zermatt, mita 1,600 bisa teku, an hana motar fetur shiga cikinsa, sai dai ka ajiye motarka a ƙasa ka hau jirgi. Daga ƙauyen kuma wani ƙaramin jirgi yana ƙara hawa har sama da mita 3,000, tun shekarar 1898. Dabarar ita ce sun shimfiɗa ƙarfe na uku mai haƙora a tsakiyar dogon, jirgin kuma yana da wata ƙafa mai haƙora da ke cizonsa, saboda haka ba ya zamewa komai tsayin gangara. Mutane suna tasowa daga birni da safe tare da ɗan jagora, su yini a kan dutse, su koma gida da magariba, 'yan ƙauye kuma su ci abinci da wannan zirga-zirga. Mun saurare shi da sha'awa. Wani dattijo a cikinmu ya ce, ai mu ma muna da dogon, muna da dutsen, muna da ƙauyen, jirgin ne kawai babu.

Gaskiya ya faɗa. Shekaru da yawa ke nan rabonmu da jirgin fasinja na yau da kullum a wannan layi. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 kuma jirgi ya fara tafiya tsakanin Fatakwal da Aba. Muna fatan Allah ya nuna mana ranar da zai iso mu. Amma ba za mu ce yara su jira shi ba, don kada su yi furfura irin tamu suna jira.

Saboda haka wata Asabar mu huɗu muka shiga mota muka tafi duba hanya. Ta hannun wani abokin cinikin ma'ajinmu, wanda suka shekara fiye da ashirin suna harkar citta tare, aka haɗa mu da mai unguwa, shi kuma ya ba mu ɗan jagora, wani magidanci da aka haifa a kan dutsen. Hausarsa garau, sai dai da ɗan karin harshe irin na can. Ya ce mana da Hausa ya fara koyon karatu, da ita kuma suke waƙa a majami'arsu. Ya dubi takalman shugaban kwamitinmu, sau-ciki ne baƙi mai ƙyalli, ya dubi babbar rigarsa, ya ce, "Baba, da wannan za ka hau?" Shugaba ya ce da ita ya je Arfa. Jagora ya yi murmushi bai ce komai ba, ya yanko masa sanda.

Jama'a, hawan nan ba wasa ba ne. Hanyar ƙafa ce tsakanin manyan duwatsu, wani wuri sai ka sa hannu. Kafin rabin tafiya babbar riga ta koma naɗe a wuyan jagora, ruwan da muka riƙo ya ƙare, ma'aji ya zauna a kan wani falalen dutse ya ce a bar shi nan a ɗauko shi in an dawo. Muna zaune muna haki sai ga mata biyu sun taso daga ƙasa da kaya niƙi-niƙi, ɗaya har da goyo, suka gaishe mu, suka yi mana sannu, suka wuce kamar a kan kwalta suke tafiya. Kunyar wannan ce ta tayar da ma'aji. Mun ci kusan awa biyu kafin mu kai.

Can sama sai muka tarar da wata duniya. Mu da muke zaton tsandauri ne da ƙaya, sai ga fili, ga gonaki an tare ƙasarsu da jerin duwatsu don kada ruwa ya wanke ta, ga gidaje jefi-jefi, ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da sanyi har haƙori ya amsa. Tsayin wurin ya haura mita 1,200, kusan daidai da Jos, iskar ma iri ɗaya ce. Wata tsohuwa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo gyaɗa da dafaffen gwaza. Da Azahar ta yi, ba mu roƙa ba jagora ya kawo ruwa a ƙwarya, ya nuna mana wuri mai tsabta, ya koma gefe ya jira.

Bayan nan ya kai mu bakin dutse ta yamma. Ga Kafanchan shimfiɗe kamar an zuba tsaba a faifai, ga dogon ya miƙe kamar zare. Ya sa yatsa ya ce, "Ga tasha can, ga kasuwa, ga unguwarku." Ya lissafa mana unguwanninmu ɗaya bayan ɗaya bai yi kuskure ba. Mu kuwa ko sunan da suke kiran kansu da shi sai a ranar wasunmu suka fara ji. Mu ne muke cewa Kagoro, su Agworok suke cewa, garin kuma Gworok.

Sannan ya nuna mana koguna, wato ramukan dutse masu zurfi, wasu bakinsu ƙanƙane cikinsu kamar zaure. Ɗayanmu ya tambaya me ake yi da su. Ya ce nan kakanninsa suke ɓoye mata da yara da hatsi idan mahaya dawaki sun zo. Bai ce su wane ne mahayan ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kowa a wurin ya sani. Iyayenmu, a gafarce mu, amma wannan magana gara yaranmu su ji ta daga bakinmu. A ƙarni na 19 masarautun da muke alfahari da su sun yi ta kai farmakin kamun bayi a wannan yanki, mutane ba don shan iska suka hau dutse ba. Kagoro ba ta taɓa shiga hannun Zazzau ko Jama'a ba, Turawa ma sai da suka yi ta kai yaƙi a farkon ƙarni na 20 kafin su shawo kanta. Bayan haka ne akasarin jama'a suka sauko ƙasa. Marigayi Gwamna Awan ya riƙe sarautarsu daga 1945 har 2008, shekara 63. Bikin Afan da suke yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara, wanda wasunmu suke zuwa sayar da kaya a gefensa, ashe kalmar ma dutse take nufi. Wanda ya ga kogunan nan zai fahimci abin da ya sa maƙwabcinsa yake jin wata magana da zafi, alhali shi a wurinsa wasa ce.

Mun san abin da ke ran iyayenmu mata, don tun kafin taro wasu sun tare mu a ƙofa. Babu gidan da ya manta Maris na 1987, ko rikicin 1999, ko Afrilun 2011 da kasuwa ta ƙone. A Maris na 2022 an kai hari Kagoro, an rasa rayuka da yawa, aka sa dokar hana fita a ƙananan hukumomin Kaura da Jama'a. Wanda ya ce babu abin tsoro ya yi ƙarya. Amma ku dubi abin da shekarun nan suka haifar. Mu mun zauna benci ɗaya da 'ya'yan Kagoro da na Bajju a firamare, mun san iyayensu, mun ci tuwo a gidajensu. Yaron da aka haifa bayan 2011 makarantarsa daban, kasuwarsa daban, filin ƙwallonsa daban. Abin da ya sani game da mutanen dutsen nan a waya ya gani, ko a bakin mai shayi. Su ma nasu yaran haka. Nan da shekara goma su ne za su zauna a kujerun nan, su ne za a kira sulhu in wani abu ya taso, kuma ba su taɓa gaisawa ba.

Shawarar kwamiti ke nan. A kai yara Kagoro, a matsayin baƙi, da izinin masu wuri. Muna roƙon shugaba ya rubuta takarda zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Jama'a da fadar Sarkin Kagoro, a kuma sanar da jami'an tsaro, idan aka ce lokaci bai yi ba mu haƙura mu ɗaga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne cikin Nuwamba, ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, hazo bai rufe gari ba tukuna. Da damina santsi yana iya karya mutum.

Za a taru a tashar jirgi da ƙarfe bakwai, ko da yake mota za a shiga. Mun zaɓi tasha da gangan. Akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe biyu a cikin ƙungiyar nan, sun yarda za su zaga da yara su nuna musu inda layuka uku suka haɗu da yadda ake juya wa jirgi hanya, don wasu yaran ba su taɓa ganin tarago yana motsi ba. Kashin farko kada ya wuce yara ashirin, daga shekara goma sha biyu zuwa sama, babba ɗaya ga kowane yara biyar, da malamai mata biyu saboda 'yan mata. Kowa ya zo da takalmin kambas da gorar ruwa biyu. Ba a ɗaukar hoton mutum ko gidansa sai an tambaya, inda jagora ya ce ba a shiga kuma ba a shiga, don suna da wuraren da suke girmamawa. Ladan jagora da ɗan goron da za a kai wa mai unguwa da tsohuwar nan mai gwaza a cikin kuɗin tafiya suke, kada wani ya zo yana ciniki a kansu. A fara saukowa da ƙarfe biyu, in lokaci ya rage a biya ta Matsirga yara su ga ruwa yana zubowa, a shigo gari kafin Magariba.

Mai unguwar ya yi mana tambaya ɗaya da za mu rabu, ya ce idan namu sun je, yaushe nasu za su zo? Mun ce masa za mu kawo maganar gaban taro, ga shi mun kawo. Wanda yake son ɗansa ya je ya ba ma'aji suna kafin ƙarshen wata, har da sa hannun uba ko uwa.

Shugaba yana nuna mana agogo.