Sigar "Da" a Harshen Sifaniyanci



Kowane harshe yana da hanyar faɗin abin da bai auku ba, amma zuciya take burinsa ko nadamarsa. Mu Hausawa kalma guda muke jefawa, wato "da". Mutanen Sifen kuwa aikatau ɗin kansa suke sauya wa siga, su kira ta imperfecto de subjuntivo. Ɗalibai da dama a nan suke karaya, alhali ƙa'idarta ɗaya ce tak.

Ku nemo yadda ake cewa "sun yi" da aikatau ɗin, ku yanke -ron na ƙarshe, ku ɗora ɗayan waɗannan: -ra, -ras, -ra, -ramos, -rais, -ran. Hablaron, sun yi magana, sai ya ba mu hablara, hablaras, habláramos. Ko aikatau masu taurin kai ba sa kuɓuce mata: tuvieron ya haifi tuviera, dijeron ya haifi dijera. Akwai tagwayenta mai ƙarewa da -se, kamar hablase, amma -ra ta fi yawo a bakin jama'a, musamman a Latin Amurka.

Aikinta uku nake so ku riƙe. Na farko, sharaɗin da bai cika ba: Si tuviera dinero, viajaría, da ina da kuɗi da na yi tafiya. Na biyu, buƙatar da ta shuɗe: Quería que vinieras, na so ka zo. Na uku, ladabi. Quiero cewa ne "ina so", gatsau. Quisiera kuwa roƙo ne cikin girmamawa. Wanda aiki ya kai Equatorial Guinea, maƙwabciyarmu ta teku inda Sifaniyanci ke harshen hukuma, zai ga cewa wannan bambanci na iya buɗe ƙofar ofis ko ya rufe ta.

Akwai kuma kalmar da ba baƙuwa ba ce gare mu. Ojalá lloviera, ina ma a yi ruwa. Wannan ojalá daga Larabci ta fito, da sunan Allah a cikinta, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492.

Saboda haka kada dogon suna ya razana ku. Wanda ya iya "sun yi" ya riga ya ci rabin hanya, saura maimaici. Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.